Tirelar Kawu Mamman da Turakun Inna

Tun da nid dawo daga Nijar ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na aje kekena na haya bakin teburin mai shayi nan Arkilla, wanga shi ce, "Nasiru, da gaske ne jandarma ba ya dariya?" Wancan shi ce, "Nasiru, wai da gaske albasa anka kaɗa ma kalangu?" Bakina ya gaji. Ga shi nan na zuba muku gaba ɗaya. Wanda bai iya karatu ba shi nemi wanda yaf fi shi zama aji. Ni ma aji uku nit tsaya, don haka wanda yag ga kuskure shi gyara a cikinshi.

Kakana Ummaru, mutumin Dundaye, bara yar rasu, Allah shi jiƙan shi. Shina da wani aboki Bafillace, Baffa Buba, can arewa da Madawa cikin ƙasar Nijar. Shekarun baya fari ya cinye ma Baffa Buba garke, sai Kaka yak kora shanu huɗu yak kai mashi. Uku na Kaka ne. Ta huɗun ta Inna ce, kakata, sunan saniyar Kyalla. Uwarta ta mutu ta bar ta tana 'yar maraƙa, Inna tar raine ta da hannunta kamar ɗiya. Bayan rasuwar Kaka sai Baffa Buba ya aiko cewa a zo a ɗauki shanun Ummaru, amana ta cika.

Saƙon a hannun Kawu Mamman yaf faɗa, ƙanen uwata, mahauci a Kara, kasuwar dabbobi. In ba ku san Kawu ba, shi ne mutumin da in za shi sayen takalmi sai ya ƙara lamba ɗaya, wai ko ƙafa ta ƙaru. Yaz zauna tsakar gidan Inna, yaɗ ɗauki tsinke yaf fara zane a ƙasa. Huɗu sun haihu. 'Ya'yan sun haihu. Jikokin ma sun fara. A lissafin Kawu babu saniyar da tah haifi namiji, babu wadda tam mutu, babu wadda tay yi fashin shekara. Kafin tsinken shi karye mun wuce arba'in.

Inna na gefe tana tsince shinkafa. Tac ce, "Mamman, huɗu sunka tahi, huɗu za su komo."

Yac ce, "Inna, shanu ba kwanoni ba ne. Haihuwa suke."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, wayarshi tay yi ƙara, yat tashi yah hita shina faɗa ma wani cewa shi nemo mashi fili wajen Wamakko da za a kewaye. Inna tab bi bayanshi da kallo, sannan taj juyo kaina.

"Kai, mijin banza, tashi ka kafa mini turke huɗu bayan rumbu."

Nic ce, "Amarya, ko sadakina ba ki gama ci ba kin fara sa ni aiki?"

"Sadakin da ba a gani ba? Tashi. Na kusa da inuwa na Kyalla ne." Da nig gama tar riƙe mini hannu, tad daina wasa. "Ka bi shi. Komi za ku yi can ku yi, amma Kyalla ta shigo gidan ga da ƙafarta."

Haka nis samu kujera a tahiyar. Kawu kuma ya yarda da ni ne don na taɓa ce mashi na yi Faransanci a makaranta.

Munka tahi tashar manyan motoci wurin Ila direba, wani siriri mai jan haƙori da ba ya rabo da goro. Ila yac ce, "Alhaji, abu uku za ka faɗa mini." Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara mashi ba. "Shanun nawa ne? Gudale ne irin namu, ko jajayen nan masu ƙaho kamar mai ɗaga hannu shina addu'a? Manya ne ko 'yan maruƙa?"

"Garke ne," in ji Kawu.

"Garke ba lamba ba ne, Alhaji. In biyar ne ko shida, ƙaramar motar nan kanta ta ishe ka. In sun kai ashirin, mai taya goma. Tirela sai an haura talatin. In masu ƙaho ne ka rage, don ƙaho ma wuri shike ci. Kuma ka sani, cunkoso na kashe saniya, fili ma na kashe ta. Cikin mota saniya da 'yar'uwarta take tsayuwa."

"Ina za a ɗauko su?" Ila yaƙ ƙara tambaya.

"Madawa."

Nan nig ga idon Ila ya yi wani haske. Bai sake maganar kanta ba. A lokacin ban gane ba. Daga baya nit tuna cewa hanyar Madawa ta garin Galmi take bi, garin albasa, kuma ga mutum ya samu wanda za shi zuba mashi mai har can.

Anka zuba yashi a cikin tirela don kada kofato shi zame, anka loda igiyoyi da sanduna. Kawu yak karɓo sabuwar babbar riga daga tela, shadda mai ruwan sararin sama. Yab bi rumfunan Kara ɗaya bayan ɗaya shina sallama. Yac ce ma makaɗan mahauta su ɗaure kalangunsu, da sun hango koriyar tirelar Ila ta shigo su fara.

Da hantsi munka kama hanya. Ila a sitiyari, Kawu a bakin taga da hannu waje don kowa shi gan shi, ni a tsakiya bisa murfin inji. Kafin Gwadabawa ɗuwawuna sun fara gasuwa. Nic ce, "Kawu, ina ƙonewa." Yac ce, "In ka nuna ka faɗa mini, akwai yaji a aljihuna." Tirela in ba kaya ba tahiya take ba, tsalle take. Kowane rami sai mun gaisa da rufi.

A Illela munka gama da namu, munka tsallaka wajen Ƙonni. Nan nif fara ganin jandarma. Dogo, baƙi, wandonshi da guga kamar za shi ɗaurin aure. Kawu yaz zungure ni. "To, ɗan boko, ga ranarka."

Nis sauko, nig gyara wuyan riga, nic ce, "Bonju."

Mutumin ga yas sako mini Faransanci kamar an buɗe famfo. Nic ce, "Wi." Yaƙ ƙara. Nic ce, "Wi, wi." Yat tsaya shina kallona, sannan yac ce da Hausar da taf fi tawa tsabta, "Na ce ina katinka, ka ce i. Na ce miƙo, ka ce i, i. To miƙo mana."

Daga nan Kawu bai sake ce mini ɗan boko ba. Jandarman yad duba katunanmu ɗaya ɗaya, yaz zagaya yal leƙa bayan tirela, ba komi sai yashi. Yac ce, "Mi za ku ɗauko?"

Kawu yag gyara hula. "Garkena."

"Allah shi sa albarka." Ko gefen bakinshi bai motsa ba.

Abin da za ni faɗa muku game da mutanen can, Hausawa ne kamar mu, sai dai ba su gaggawa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake riƙe shi, in ka ciza sai ya rama. Da rana ta take sai kowa shi ja ƙofar shagonshi shi je shi kwanta, ko kana riƙe da kuɗi kana roƙo. Ku nan Arkilla mai shago ko shina wanka in ya ji "a ba ni" sai ya hito da kumfa. Motar da muke ce ma tirela ko roka, su duk kamyo ce. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne na kofin roba da madara. Ɗan kofin gilashi ne kamar murfin turare, kuma zagaye uku ake yi. A Ƙonni wani dattijo ya kira mu shayi bakin shagonshi, Kawu yak kurɓe na farko yam miƙe. Dattijon yac ce, "Mun yi faɗa ne?" Dole Kawu yak koma yaz zauna har na uku, shina kallon agogo, Ila na danne dariya da goro.

A Madawa munka sauka gidan wani dillalin shanu, Malam Isuhu. Irin gidajen nan ne da fatake ke sauka, zaure babba, tabarmi jere, kowa da jakarshi a matsayin matashi. Anka kawo dambu da zogale an zuba mashi man gyaɗa da albasa, sannan kilishi. Kawu yaɗ ɗaga kilishin sama shina dubawa kamar likita. Wai yankan ya yi kauri, wai yajin bai shiga ba, wai a Sakkwato yaro ma ba ya yin irin wanga. Shina kushewa shina ci har takardar tay yi fes.

Malam Isuhu yat tambayi wurin wa munka zo. Kawu yab ba shi labari, har da arba'in ɗin.

Malam Isuhu yac ce, "Buba na sani. Shanun nan kiwo anka ba shi, ko haɓɓanaye?"

"Ai duk ɗaya ne," in ji Kawu.

Malam Isuhu yad dube shi, yad dubi tirelar da tac cika mashi ƙofar gida har maƙwabta ba su da hanyar wucewa. Yaƙ ƙara mashi shayi.

Washegari tirela ba ta iya shiga hanyar ruga, sai amalanken jaki munka hau. Ku yi tunanin Kawu cikin shadda mai ruwan sararin sama, ya tattare ta bisa cinya, jaki na ja. Da munka kusa sai ga shanu sun bazu a fadama, farare da jajaye. Kawu yam miƙe tsaye bisa amalanke shina nunawa da yatsa. Yar raɗa mini, "Nasiru, tirela ɗaya ba ta isa."

Baffa Buba tsoho ne, ɗan ƙarami, da malfa. Da anka ce mashi ga ɗan Ummaru sai yar riƙe hannun Kawu da hannu biyu, hawaye na zuba, ya daɗe bai saki ba. Anka shimfiɗa muna tabarma ƙarƙashin wata bagaruwa. Fura da nonon da nish sha wurin nan, ku bar shi kawai, abin da kuke sha a gari ruwan wanke ƙwarya ne. Anka kawo cuku, wani busasshen abu na nono mai tauri kamar kwali, Kawu yat tauna har haƙorinshi yay yi ƙara. Dattawan rugar sunka zo sunka zauna, anka yi ma Kaka addu'a.

Sannan Baffa Buba yay yi ma 'ya'yanshi magana da Fillanci. Sunka tahi sunka jawo shanu huɗu, an goge su tas, kowace da sabuwar igiya. Gudale farare guda uku, da wata mai baƙin tabo a goshi da cikinta ya yi ƙasa. Ba a faɗa mini ba na san Kyalla ce.

Kawu yay yi murmushi yac ce, "Madalla, iyayen ke nan." Yaj juya shina jiran sauran.

Ba wanda yam motsa.

"Baffa, 'ya'yan fa?"

Baffa Buba yad dubi dattawan, sunka dube shi. Yac ce a hankali, "Ɗana, Ummaru bai faɗa maka ba? Haɓɓanaye yay yi mini. In garken mutum ya ƙare, ɗan'uwanshi shi ara mashi saniya. Ta haihu a hannunshi sau uku, 'ya'yan nashi ne, shi tada garke da su. Uwar kuma ta koma gidansu. Da bakinshi yaf faɗa, gaban mahaifiyarka." Yan nuna fadama da sandarshi. "Duk abin da kag gani can, Ummaru ne yat tsai da ni. Ba ni da abin biyanshi. Ita wagga," yash shafa wuyan Kyalla, "da ciki nim maido ta. Haka ake yi in ana jin kunyar mai saniya."

Kawu yac ce, "Amma ai a shari'a—" Yad dubi fuskokin dattawan nan. Babu mai fushi cikinsu, kallonshi kawai suke irin kallon da ake ma wanda rigarshi ta yage ta baya bai sani ba. Yah haɗiye sauran.

Nim matsa kusa nic ce, "Kawu, in ƙirgo su ko kai za ka ƙirga?"

Yac ce, "In ka sake magana a nan za ni bar ka haɓɓanaye."

Baffa Buba da kanshi yar rako shanun har Madawa da ƙafa. Da yag ga tirela yat tsaya, yac cire malfa. "Wanga gida duka na su huɗu ne?" Yac ce a nemi ƙaramar mota, in babu 'ya'yanshi su kora su da ƙafa har Dundaye. Malam Isuhu ma yac ce in an jira ranar kasuwa ba a rasa kanta.

Kawu yac ce a'a. "Na faɗa ma mutanen Kara da tirela za ni shigo, da tirela za ni shiga. A ja tamfol a rufe gefe da gefe. Wa yas san ko nawa ne ciki?"

Ila yat tofar da goro yac ce, "Alhaji, na dai faɗa maka maganar fili." Iyakar gardamar da yay yi ke nan. Anka ja tirela baya har bakin wani tudu, anka hau da su. Ila yaj jera su can gaba, yaɗ ɗaure kowace a ƙarfen gefe, yag gitta sanduna biyu a bayansu kamar shinge. Baffa Buba yar raɗa ma Kyalla wani abu a kunne, yaj juya yat tahi bai waiwayo ba.

Wanga karon a baya anka sa ni, bisa wani katako, in sa musu ido. Shanu huɗu cikin tirela kamar mutum huɗu ne a filin idi. Kuma nauyinsu bai kai shi danne motar ba, tsallenta na nan. In ta faɗa rami sai ka ga kofatansu sun bar ƙasa. Kowace na neman abin jingina, ta wannan gefe 'yar'uwa, ta wancan gefe iska. Kyalla ce a ƙarshe, ita ke da nauyin ciki, ita ce kuma ba ta da kowa ta dama. Sandunan Ila sunka fara kuka tun ba mu yi nisa ba. Nib buga rufin gaba nic ce a rage gudu. Kawu yal leƙo yac ce in daina damun direba.

Dab da Galmi wani raƙumi ɗauke da buhunan albasa yas sako kai bisa titi. Ila yat taka birki. Shanun sunka tahi gaba gaba ɗaya, sannan da yas saki sunka komo baya da ƙarfi. Sanda ɗaya tak karye, ɗayar tas suɓuce. Ukun igiya ta riƙe su. Ta Kyalla tak kwance. Ina kallo tab bi tsawon tirelar nan da baya, tana neman tsayuwa yashi na gudu ƙarƙashinta, har tad daki ƙyauren baya. Ƙafafunta na baya sunka baje, tak kwanta.

Nid dinga dukan rufi da hannu biyu har Ila yat tsaya.

Kawu yah hawo. Yaz zagaya ta, yat taɓa ƙugu, yaɗ ɗaga fatar ido, yaj ja wutsiya. Ba ta tashi ba. Numfashi kawai take, kumfa a baki. Kun san mahauci, saniyar da tak kwanta a mota abu ɗaya shike gani. Hannunshi yash shiga ƙarƙashin riga yah hito da wuƙa.

Yac ce, "Riƙe mini kanta. In ta cika haka mushe ce, an yi biyu babu."

Nic ce, "Kawu, ni ba ni riƙewa."

"Nasiru."

"Yanka abarka. Amma kai za ka shiga gidan Inna da fatar a kafaɗa. Ni daga Kware za ni sauka."

Yat tsaya da wuƙa a hannu. Rana na dukanmu, Ila ya leƙo ta saman ƙyaure ya daina tauna. Cikin Kyalla yay yi wani motsi ta gefe, kamar an tura gwiwar hannu daga ciki. Na gani, Kawu ma ya gani. Ban san abin da yat tuna ba, bai faɗa mini ba har yau. Yam maida wuƙar kube.

Yac ce, "Ila, kira mini mutanen can."

Masu ɗurin albasa ne a bakin hanya, sunka taso su shida. Wani yac ce a zura mata abu mai faɗi ƙarƙashin ƙirji da mara a ɗaga, igiya za ta yanke ta, ga ciki. Anka duba, buhunansu duk cike suke, tamfol kuma an ɗaure shi tam. Kawu yad dubi hagu yad dubi dama. Sannan yat tuɓe babbar rigar nan, yan ninka ta biyu, yad durƙusa cikin kashin shanu yaz zura ta ƙarƙashin Kyalla da hannunshi.

Uku nan, uku can, ni a wutsiya, Kawu a kai shina kiran sunanta. Anka ce bismillahi anka ɗaga. Karo na farko tak koma. Na biyu tat tsaya bisa ƙafa uku tana rawa, mu kuma ba wanda yas saki. Can tas sauke ta huɗun a hankali, tat taka, taɗ ɗage, tas sake takawa. Wani cikin masu albasa yac ce, "Targaɗe ne, ba karaya ba. Amma in kunka ƙara tahiya da ita cikin wanga fili, ku sayi gishirin gyaran fatarta tun nan."

Ila yay yi gyaran murya. "Akwai wani ɗan Illela can bayan rumfuna da ƙaramar kanta. Ya sauke kaya, wayam za shi koma."

Nic ce, "Oga Ila, yaushe kag gan shi?"

Yac ce, "Direba ido gare shi."

Kawu yaɗ ɗaga hannu, alamar a kira shi. Anka nemi tudu anka sauke su, anka hau da su kanta. Mai kantar yaj jera su kai da wutsiya, wagga ta dubi hagu, wagga ta dubi dama, Kyalla a tsakiya. Ɗan wurin da yar rage yac cusa dammunan harawa. Sunka matsu da juna daidai, ba mai faɗuwa ko ta so. Kafin mu tashi Kyalla har ta fara jan harawar tana ci. Ila kuwa tuni ya ja tirelarshi bakin rumfunan albasa ana ciniki. Yaɗ ɗago muna hannu. "Alhaji, sai na iso!"

Kawu yaƙ ƙi shiga gaba. Daga shi sai singileti da wando yaz zauna baya bisa harawa, hannunshi a wuyan Kyalla, rigar a dunƙule gefe. Wayarshi na ta ƙara, mutanen Kara ne. Yak kashe ta.

A kan iyaka likitan dabbobi yad duba su yab ba mu takarda. Sai ga jandarman nan namu, shi ne dai. Yad dubi Kawu, yad dubi singileti, yal leƙa kanta.

"Ina garken?"

Kawu yan nuna da haɓa.

"Ina tirelar?"

"Tana tahe."

Jandarman yam miƙo muna katunanmu yac ce mu sauka lahiya. Sannan yaj juya muna baya shina kallon wani bango da ba komi a jikinshi, kafaɗunshi na rawa. To wanda ke tambayata ko jandarma na dariya, shina yi. Baya shike juyawa.

Allah ya taimaki Kawu, in ka taso daga Illela kana iya karkatawa Dundaye ba ka shiga gari ba. Da la'asar munka isa. Inna na zaune ƙofar gida kamar tun da munka tahi ba ta tashi ba. Anka sauke ukun, anka sauke Kyalla. Tat tsaya tana shinshina ƙasa, sannan tab bi ta zaure tana ɗingishi, taz zagaya bayan rumbu, tat tsaya a inuwa. Ba wanda yaj ja ta.

Inna tab bi ta, tad dafa goshinta, ta daɗe a haka. Sannan tas sunkuya tash shafa ƙafar. Taɗ ɗago tad dubi Kawu da singiletinshi, tad dubi dunƙulen shaddar da ke hammatarshi.

"Mamman, wagga ƙafa fa?"

"Hanya ce, Inna."

"Hanya." Tag gyaɗa kai. "Kawo rigar in jiƙa maka."

Washegari da hantsi na sauke fasinja kusa da Kara sai nij ji kalangu ya tashi. Kawu bai kunna waya ba, ba wanda yas san mun dawo. Koriyar tirelar Ila ce tash shigo, an ja tamfol gefe da gefe, ta yi nauyi har tana nishi. Makaɗa sunka tare ta suna wasa Mamman mai garke, mahauta sunka bar rumfuna suna bin ta, wani har da liƙi. Kuna iya cewa mi yas sa ban je na faɗa musu ba. Ina da fasinja. To, ba ni da fasinja, amma wurin da nit tsaya ana gani sosai. Wani yaro yah hau yaɗ ɗaga tamfol, warin albasa yad daki na gaba. Kalangu yay yi wani ɗan kuka yam mutu.

Yanzu in kun je Kara kuka ce Mamman mahauci ba wanda za shi gane. Ku ce Mamman Albasa. Ranar farko ya jawo wuƙa, yanzu amsawa shike. Amma na lura in baƙon falke ya zo neman mota, Kawu ne ke fara tare shi. "Nawa ne? A'a, kada ka ce mini garke. Ka gan su da idonka?"

Shekaranjiya Inna ta aiko in zo. Nis same ta bayan rumbu. Ɗingishin Kyalla ya ragu, hantsarta ta cika, ko yau ko gobe. Inna tam miƙo mini dagi.

"Mijin banza, kafa mini na biyar nan kusa da uwar."

Niɗ ɗauko wani ƙaton icce da ke jingine a bango, mai kauri kamar cinyata.

Tab buge mini hannu da mafici. "Aje shi. Ɗan maraƙi za a ɗaure, ba raƙumi ba. Kai ma jinin Mamman ne."